Ɗakin da Na Biya da Girki a Alƙahira

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. A lokacin da wannan abu ya same ni, ni matar aure ce mai 'ya'ya uku a Unguwar Shanu, nan Kaduna. Sana'ata girki. Ina yin waina da alkubus da tuwon shinkafa na biki da suna, kuma ba yabon kai ba, duk layinmu an san hannuna. An kuma san bakina, don ba a kawo mini raini in bari ya kwana. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai sanyin hali da kawaici, wanda ko ƙusa ya taka sai ka ga jini kafin ka ji daga bakinsa. Nakan tsokane shi in ce da Allah bai haɗa shi da ni ba, ko ruɓaɓɓen tumatir aka sayar masa sai ya yi godiya. Murmushi kawai yake yi.

Ciwon ciki ne ya kwantar da shi. Mun zaga asibitoci har aka ce sai an yi masa aiki a hanji, aka ba mu shawarar Masar. Dangi suka yi karo-karo, ni ma na sayar da firij ɗina da 'yan kunnen aurena. Muka kai yara Kawo wajen mahaifiyarsa, muka tashi zuwa Alƙahira, ni ce mai jinya. An yi aiki lafiya. Likita ya ce sai mun zauna wasu makonni ana duba shi kafin ya hau jirgi, ya kuma ja kunnena ta bakin tafinta cewa da zarar jikinsa ya yi zafi kada mu jira komai, mu kawo shi. Har ma'aunin zafin jiki aka ba mu.

To a nan guzurinmu ya fara ja da baya, ga masaukin da ke kusa da asibiti yana cin kuɗi kamar wuta. Maigidana ya ce mu kira yayansa mu gaya masa halin da ake ciki. Na ce sam. An riga an tatse dangi, ba zan koma Kaduna ana nuna ni da baki ana cewa mun je waje mun zauna muna roƙo ba. Ina da hannu, zan nemi abin yi. Bai ja da ni ba, dama bai saba ba.

A harabar asibiti wata mata ta ba ni labarin wata Hajiya 'yar ƙasarmu da ta daɗe a can. Tana da gida inda 'yan kasuwarmu masu zuwa sarin abaya da ɗalibai suke zuwa cin abincin gida, kuma mai yi mata girki ta tafi. Na je na same ta. Ta ce in dafa miyar kuka ta ɗanɗana, tana kai loma ɗaya ta ce in kwaso kayanmu. Sharaɗin shi ne ɗaki kyauta da abinci, ni kuma in riƙe kicin. Ta gargaɗe ni kada maƙwabta su san aiki nake yi, tunda bizar jinya gare ni, in ce ni ƙanwarta ce. Ranar har rawa na taka. Ban tsaya na duba nisan gidan da asibiti ba, ban kuma damu da cewa ɗakin tsohon sito ne da ya haɗa bango da kicin ba, taga ɗaya gare shi, zafin murhu kuma yana ratsa bangon.

Daga sallar asuba nake tsaye. Tuwo, miya, waina, wani lokaci dambu, da kuka da daddawar da 'yan kasuwa ke kawowa daga gida. Suna ci suna sa albarka, wasu na cewa tun da suka baro gida ba su ci abinci ba sai yau. Gaskiya zan faɗa, yabon nan ya yi mini daɗi. Maigidana kuwa yana kwance a bayan bango, yana shaƙar ƙamshin abin da aka hana shi ci, nasa kunu ne tsararo da romo marar yaji. In na leƙo sai ya ce sannu da aiki, Allah ya yi mini albarka, in koma kada abinci ya ƙone.

Gab da azumi 'yan kasuwa suka cika gidan, masu sarin kayan sallah. Rannan na ɗan jima a ɗaki ina goge masa jiki, shinkafa ta kama. Hajiya ta zo bakin ƙofarmu ta ce ita fa ba gidan marayu ta buɗe ba, idan ba zan iya riƙe kicin a wannan mako ba in faɗa mata, akwai wata da ke jiran ɗakin. Na mayar mata da magana daidai da tata, na koma kan tukunya ina huci. Ni a wajena faɗan mata ne, kafin la'asar ma mun shirya. Ban kawo a raina cewa akwai wanda ya ji maganar ya riƙe ta ba.

Daga ranar maigidana ya ƙara yin shiru. Nakan shigo a gurguje in ɗora hannu a goshinsa, hannun da ya wuni riƙe da muciya a kan tukunya mai tafasa. Me zan ji? Jikinsa da tafina duk zafi ɗaya. In na ce a kawo ma'auni sai ya ce ya auna da kansa, lafiya lau, da sauƙi Alhamdulillah. Da ya nemi in rufa masa bargo a wannan ɗaki mai kama da tanda, dariya na yi, na ce ɗan Kaduna ya zo ƙasar Larabawa ya koyi shagwaɓa. Shi ma ya yi dariya. Na rufa masa na fita.

Wata rana bayan azahar na kawo masa kunu na tarar yana karkarwa har gadon na motsi, leɓensa ya bushe, yana kiran mahaifiyarsa. Bai gane ni ba. Na ƙwalla ihu, 'yan kasuwa biyu suka ɗauke shi zuwa tasi. Ranar na san nisan da ke tsakaninmu da asibiti. Motoci sun cushe, direba na ta danna oda, ni ina riƙe da kansa a cinyata ina salati. A tsakiyar cunkoson ya buɗe ido ya gane ni, abin da ya fara tambaya shi ne ko na sauke tukunya, kada ran Hajiya ya ɓaci.

Likita ya ce wannan zazzaɓi ba na yau ba ne, ya kwana biyu, cuta ta riga ta shiga jini. Ya tambaye ni ina nake duk kwanakin nan. Da maigidana ya ɗan farfaɗo na tambaye shi don me ya ɓoye mini. Ya ce tun washegarin maganar Hajiya ya fara jin sanyi, amma ya ga idan na bar kicin titi za mu koma, shi kuma ya riga ya zame mini kaya, sai ya ce bari ya daure har baƙin su tafi. Wai in yafe masa. Shi ne yake neman gafarata. Bai ƙara wata doguwar magana ba, Allah ya karɓi abinsa.

Mutanen da suka ci tuwona su suka yi masa sutura suka kai shi makwancinsa a can. Hajiya ta yi kuka sosai, ita ta raka ni filin jirgi, kuma har ga Allah ban riƙe ta a zuciya ba, kasuwancinta take karewa. Na dawo Kawo da jakarsa a hannu. Mahaifiyarsa ba ta tuhume ni ba, tambaya ɗaya ta yi mini, ko ina kusa da shi a kwanakinsa na ƙarshe. Na ce eh, bango ne kawai a tsakaninmu. Bayan kwana bakwai yayansa ya ji yadda muka zauna, ya dafe kai ya ce don me ba mu kira shi ba, ai da motarsa zai sayar a ranar.

Na san kwana idan ya ƙare babu mai ƙarawa, malamai sun gaya mini kuma na yarda. Amma zuciyata ba ta daina ciwo ba. 'Yan'uwa, duk wanda ya raka mara lafiya wata ƙasa, ya sani jinyar ita ce aikinsa, babu wani aiki na biyu. Ɗakin da aka ce kyauta ne, ku tambayi da me za ku biya, ku kuma auna nisansa da asibiti kafin ku ajiye jaka. Idan guzuri ya ƙare ku kira gida ku faɗa, a yi ta surutun, surutu yana wucewa. Mai haƙuri kuma kada ku tsaya ga "da sauƙi" ɗin da yake faɗa, ku zauna kusa da shi ku duba da kanku. Ni kunyar kiran waya ɗaya na guje wa, yau ga yara uku suna tambayata yaushe za a kai su su ga kabarin Babansu. Ku sa shi a addu'a.