Ƙwaryar da Aka Kife a Kan Sawu

Jama'a, abin da zan ba ku ba a bakin wani na ji shi ba, ni ya faru da ni, da rana tsaka, ina cikin kakina, ban yi gyangyaɗi ba balle a ce mafarki ne, kuma wallahi in na ƙara ko na rage Allah Yana gani. Shekarun baya ne, ina kofur, aka tura ni wani ɗan ƙaramin ofishin 'yan sanda a wani ƙauye tsakanin Bodinga da Shagari, sai ka sauka kwalta ka yi 'yar tafiya cikin gonaki. Sunan garin ba zan faɗa ba, don mutanen suna nan da ransu.

Ofis dai suna ne kawai. Ɗaki biyu ne, ɗaya na kanta inda ake karɓar ƙara, ɗaya na tsare mutum, sai benci da tebur mai ƙafa uku da aka tallafe da bulo. Mu uku aka rubuta a takarda, amma na ukun tun zuwana yana gida yana jinya, saura ni da Sajan da babur ɗaya, shi ma in akwai mai babu taya, in akwai taya babu mai, ga ƙauyuka da rugage a ƙarƙashinmu waɗanda ko da mota ba ka zagaye su yini guda. Motar sintiri tana can cikin gari inda kasuwa da tasha suke, kuma ban ga laifinsu ba, su ma aikin ya fi ƙarfinsu. Mutanen ƙauye kuwa kullum kukansu ɗaya, wai sai abu ya lalace muke zuwa. Ni kuma lokacin ɗan birni ne mai zafin kai, wata biyu kacal da zuwana, gani nake an jefo ni daji, kowa ya zo da magana na riga na haɗe rai kafin ya buɗe baki.

Akwai wata al'ada tasu da ban sani ba sai da na je. In aka yi sata, ba a tattake wurin. Sai a nemi sawun ɓarawo ko na dabbar da aka kora, a kife ƙwarya a kai don kada iska ko kaji su ɓata shi, a kira manya su gani, sannan a bi. Inda sawu ya mutu kuwa, mai wurin shi zai fid da shi, wato ya nuna inda ya fita daga wurinsa ya yi gaba. In ya kasa, to abin ya hau kansa.

Ranar da nake ba ku labari damina ce, gero ya kai gwiwa, an kwana biyu da yin ruwa ƙasa na da damshi. Aka wayi gari babu shanun huɗar wani Alhaji Modi, bijimai biyu da yake ji da su kamar 'ya'yansa. Samarin gari suka bi sawu har cikin burtali, hanyar da shanu ke bi, sawu ya je daidai rugar wani Bafillatani mai suna Jaɓɓi ya ɓace cikin sawun garkensa. Aka ce ya fid da sawu, mutumin nan ya duba ya duba ya kasa, to ta ina, shanu sun fi hamsin sun tattake wurin. Kafin hantsi sun taso shi gaba da gorori, da ƙyar ni da Sajan muka ƙwace shi muka sa a ɗaki muka kulle, ba don mun kama shi da laifi ba, don dai mu tsirar da shi. Samari suka ce sun ba mu zuwa magariba, in shanu ba su fito ba za su ɓalle ƙofa, kuma rugar ma ba za ta kwana ba, ga mata da yara a ciki. Waya ba sabis. Sajan ya hau babur da ɗan man da ya rage ya tafi gari neman ƙarin mutane, ya ce mini ko me za a yi kada in bar bakin ƙofar nan.

Ina zaune a kanta, raina a ɓace, sai na ji ana jan ƙafa a waje, shuu, shuu. Na ɗaga kai, wani ɗan tsoho ne gajere, da hakiya a idon dama, da sanda mai zoben ƙarfe, yana jan ƙafar hagu. Bai shigo ba, a bakin ƙofa ya tsaya ya yi sallama, ya ce, "Yallaɓai, na kihe sawu, taho ka gani." Na ce Baba sawu an riga an bi, je ka gida. Ya juya ya tafi.

Bayan azahar ya dawo, maganar dai ita ce. Nan na yi masa tsawa, Allah Ya yafe mini, na ce ba babur, ba mai, ni kaɗai ne, ko so yake in rabu biyu? Ya dube ni da idon nan guda, ya ce, "Haka anka ce min wancan karon." Ban gane ba, ban kuma tambaya ba.

Ana idar da la'asar hadari ya fara haɗuwa gabas, baƙi ƙirin, samari kuma sun fara taruwa ƙarƙashin wata bishiyar bedi suna kallon ofis, Sajan shiru. Sai ga shuu, shuu, karo na uku. Wannan karon bai yi sallama ba. Ya ce, "Ɗana, in ruwan ga ya sauka, sawu ya tahi, kuma mutumin ga da kaka tsaro ya tahi. Yaran ga sawun shanu sunka bi, ba su bi na mutum ba." Ban san abin da ya taɓa ni ba, amma sai na ji kunya ta kama ni, tsoho da gurguwar ƙafa ya yi sawu uku ni ina zaune. Na leƙa masallaci na roƙi Liman ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofar ofis ya zauna, don na san ba mai tsallake shi. Ya ce ina za ni, na ce wani tsoho zai nuna mini sawu. Ya waiga ya ce wane tsoho, na nuna, lokacin tsohon har ya kai ƙarshen lungu ya sha kwana. Liman ya ce to Allah Shi kiyaye.

Muka kama hanya, yana gaba ina biye. Abin da ya fara ba ni mamaki, mutum na jan ƙafa amma ni mai lafiya sai na haɗa da sassarfa, kuma ko na yi sauri ko na rage, tazarar da ke tsakaninmu ba ta canzawa. Muka bi ta gefen fadamar da suke albasa da rani, muka shiga burtali, muka wuce rugar Jaɓɓi, mata na tsaye cirko-cirko sun ɗaure kaya, suna kallona ni kaɗai, ba wadda ta gaida tsohon, na ce a raina tsoro ne ya hana su. Gaba da rugar akwai wani fako mai tauri inda ko jaki ya bi ba ka ganin komai. Ya ratsa shi kai tsaye kamar an ja masa layi, sai bayan wani suri, inda ruwa ya ɗan kwanta ya bar laka. Ga ƙatuwar ƙwarya a kife, tsohuwa, da ɗinki a gefe.

Ya ce in ɗaga. Na ɗaga. Sawun kofato ne sabo, ɗaya ɓarin a tsage, kuma a jikinsa ga sawun takalmi mai ƙwanƙwasa irin na 'yan birni, ba irin na roba da makiyaya ke sawa ba, duka sun fuskanci kwalta, sun ba rugar baya. Ya nuna da sandarsa can gaba, ya ce, "Mayar da ita yadda take. Tahi ka kira Maigari da mai shanu, ni ina tsaro nai."

Na juyo da gudu. A hanya na lura da wani abu amma hankalina bai tsaya kansa ba sai daga baya. Na tarar samari sun matso har gaban buzun Liman, na ce wa Maigari ranka ya daɗe an fid da sawu, a zo a gani. Da ƙyar suka yarda, wasu na cewa dabara ce ta 'yan sanda. Muka ɗunguma, iska ta fara kaɗawa. Ƙwarya na nan inda na bar ta, tsoho babu shi. Alhaji Modi na ganin kofaton ya durƙusa ya ce wannan Ɗan Baƙi ne, bijiminsa, shi ya san ranar da kofaton ya tsage. Aka bi inda tsohon ya nuna, ba mu yi nisa ba sai ga bakin kwalta, ga sawun tayar babbar mota ta ja baya cikin ciyawa, ga kashin shanu, ga guntun igiya an yanke da wuƙa.  Muna tsaye a wurin ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya, kan ka ce me duk sawun ya narke a gabanmu.

Muka fake a wata bukkar masu gadin gona, nan Maigari ya tambaye ni wa ya nuna mini, don ya san ni ko sawun raƙumi ba zan gane ba. Aka yi 'yar dariya. Na ce wani tsoho ne, na kwatanta shi, hakiya, sanda mai zobe, jan ƙafar hagu. Dariyar ta tsaya cak. Wani ya ce innalillahi a hankali. Maigari ya ce, "Yallaɓai, Nomau kaka hwaɗi, mai bin sawu. Ni da hannuna nis sa shi ƙasa, tun kahin a kawo ka garin ga."

Sai lokacin abin da na gani a hanya ya dawo mini. Da nake komawa da gudu, sawuna na zuwa yana nan raɗau a damshin ƙasa, takalmina ɗaya bayan ɗaya, amma nawa ne kaɗai. Mutumin da ke jan ƙafa dole ya bar layi a ƙasa, kuma da kunnena na ji shuu, shuu tun daga ofis har suri. Babu layi, babu ramin sanda. Wallahi sai da na zauna.

Aka saki Jaɓɓi kafin magariba, Alhaji Modi da kansa ya riƙe hannunsa ya ba shi haƙuri, rugar ta kwana lafiya. Shanun dai ba a ƙara ganinsu ba. Da Jaɓɓi zai fita ya ce mini yana jina daga ciki ina ta faɗa har sau biyu, ya ɗauka waya nake yi, don bai ji muryar kowa ba sai tawa. Sajan bai iso ba sai bayan isha, shi kaɗai, yana tura babur, motar sintiri ta tafi wani rikici a wani gefen. Da na ba shi labari sai ya ce shekarun baya an yi irin wannan, Nomau ya zo ofis sau uku a yini ɗaya yana cewa a zo a ga sawu, ba abin hawa, ba wanda ya je, ruwa ya sauka, aka ƙone wata ruga, mutum ɗaya ya rasa ransa. Tun daga ranar Nomau bai ƙara bin sawu ba har ya rasu.

Washegari na kai ƙwaryar gidansa. Matarsa, Inna Kulu, tana gani ta karɓe ta shafa ɗinkin, ta ce ita ta ɗinke ta da hannunta, tana rataye a ɗakinsa da ba a buɗewa, jiya da safe ta ga ƙusa wayam. Ba ta yi kuka ba, ba ta ma yi mamaki ba, ta dai ce, "Ashe dai an tahi wannan karon." Ta mayar ta rataye.

Na yi shekara biyu a garin, kuma ban ƙara cewa kowa ba mai ba. In babu babur ina tafiya da ƙafa, har suna tsokanata wai kofur mai bin sawu. Na tambayi malamai, wani ya ce aljani ne ya ɗauki kamarsa, wani ya ce in bar abin ga Allah, na kuwa bar shi.

Bayan an yi mini canji da kamar shekara, wata damina, Sajan ya kira ni muna gaisawa, sai ya ce af, Inna Kulu ta zo ofis tana cigiyar ƙwaryarta, ta sake ɓata.  Na ce Sajan, wa ke kanta jiya? Ya ce sabon da aka kawo madadina, shi Sajan yana gari. Na ce tambaye shi ko wani ya zo. Na ji yana tambaya, na ji muryar mutumin daga nesa yana cewa ba kowa, sai wani tsoho mai naci da ya zo sau uku, ya ce masa ba mai. Na ce an yi ruwa? Sajan ya ce tun jiya da la'asar ake yi. Daga nan sabis ya ɗauke, kuma har yau ban sami ƙarfin halin kira in ji abin da ya biyo baya ba.

Shi ya sa nake roƙon duk wanda ke zaune bayan kanta, ko wace iri ce, in talaka ya zo ya ce taho ka gani, ka tashi ka je, ko da ƙafa ne, kada ka bari ya zo na uku. Ni dai har gobe in ina tafiya da mutum a kan rairayi, sai na saci kallon ƙasa na ƙirga sawunmu.