Fentin da Na Yi wa Kat-san-kat

Daminar da ruwa ya rushe mana ɗakuna a Dakoro, abin da ya rage tsaye a gidanmu shi ne tsohuwar motar Baba, kat-san-kat mai buɗaɗɗen baya, wadda ya yi shekaru yana jigilar ƴan kasuwar Kornaka da ita kafin idonsa ya raunana. Mu muka koma lakwal, wato makarantar boko, da zama, ni da matata da yara, aji ɗaya da wasu iyalai. Baba ya ƙi. A kujerar gaban motar yake kwana, ƙafafunsa a lanƙwashe.

Da hutu ya kusa ƙarewa, daraktan lakwal ya ce mu nemi wuri, yara za su dawo karatu. Ba ni da inda zan kai kowa. A lokacin ne wani makanike ya gaya mini akwai wani Alhaji a Maradi mai tara tsofaffin motoci, kuma ya ji labarin tamu.

Na durƙusa bakin ƙofar motar na faɗa wa Baba. Ya daɗe yana shafa sitiyari.

"Ka wanke ta kawai," ya ce. "Kada ka taɓa mata komai."

Ni kuwa sai na tsaya na ƙare mata kallo. Launinta ya koɗe kamar tsohuwar ƙwarya, ga tsatsa a gindin ƙofofi. Wa zai baro Maradi don wannan? Na sayar da akuyar matata, ita kaɗai ta rage mana, na sa aka fesa wa motar shuɗin fenti mai ƙyalli. Baba ya ji warin fentin.

Alhajin ya zo da hantsi. Ya zagaya motar, ya sa farce ya kankari gefen ƙofa.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ne, Alhaji. Don ta yi kyau."

"Subhanallahi. Malam, launinta na asali nake nema. Sabon fenti ai ko'ina akwai shi."

Ya juya zai shiga motarsa. Ban san lokacin da na riƙe hannun rigarsa ba, a gaban maƙwabta. Na ce masa iyalina a aji suke kwana, na ce ya ba ni mako guda. Ya dube ni, ya dubi Baba da ke zaune kan tabarma, ya ce to.

Makaniken ya ba mu wani ruwa mai yaji da tsummoki. Ni da matata muka duƙufa, daga asuba har rana ta faɗi, muna goge abin da akuyarta ta saya. Fatar yatsunmu ta saɓule. Ba ta yi mini gori ba ko sau ɗaya, wannan ya fi ci mini rai. A wasu wuraren tsohon launin ya fito, a wasu kuwa har ƙarfe muka tarar.

Da Alhajin ya dawo ya saya, amma ƙasa da abin da ya yi niyya tun farko. Ban yi ciniki ba, ba ni da bakin yi.

Kuɗin suka gina mana ɗaki ɗaya da rumfa. Matata da yara suka shiga ɗakin, ni da Baba muka kama rumfar har aka gama girbin gero.