Ƙusar da Na Ce Ta Ɗora a Wuta

A shekarar da sojoji suka koma bariki suka miƙa wa farar hula mulki, ina zaune a wani gidan haya a Unguwar Mu'azu cikin garin Kaduna, ni da maigidana da ke aiki a masaƙa da 'ya'yanmu uku. Sana'ata saƙa takalma. Sai in sayi silifas, in cire masa hanci, in huda gefensa da basilla, in ɗauki kwarashi da zare in saƙa masa sama, ya fito takalmi marar nauyi da mata ke so lokacin zafi. A layinmu kaf ni kaɗai ke yi, kuma ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. Idan mace ta wuce da aikina a ƙafa, sai in bi ƙafar da kallo har ta sha kwana.

Ɗakin da ke kallon nawa na wata Kirista ne, 'yar Kudancin Kaduna, mai 'yan biyu, mijinta direba. Yaya take kirana, ni kuma in ce mata Maman 'yan biyu. Tare muke tsince shinkafa, tare muke layin famfo, ranar Sallah in kai mata tuwo, ranar Kirsimeti ta kawo min cincin. Ta iya kwarashi tun tana yarinya, amma huluna da rigunan jarirai take yi. Ni da bakina na ce ta zo in koya mata takalmi, don a zatona za ta daɗe tana lalube. Ashe hannunta ya fi nawa. Wata biyu ba a yi ba ta fara ɗora wa takalmi fure mai hawa biyu wanda ni ko a mafarki ban taɓa saƙawa ba. Mata su shigo gidan su yi min sallama, su tambayi lafiyar yara, sannan su juya su ɗaga labulenta. Ina yi musu dariyar yaƙe. Abin da ya fi ƙona min rai, duk wadda ta yaba sai ta nuno ni ta ce ai Yaya ce malamarta. A lokacin gani nake ba'a take min.

Rannan ta shigo ɗakina tana rawar jiki, ta ce zumuntar matan cocinsu da ke unguwar Television za su yi bikin godiya, kuma shugabarsu ta ce ita za ta saƙa wa dukkan masu rawa takalma iri ɗaya, fari da shuɗi. Na ce Allah ya sanya alheri. Sai ta nuna min tafin hannunta duk ya yi kanta, ta ce hudar basilla ce ke cinye mata lokaci, ko akwai dabarar da nake yi ta fi sauri. To, duk mai wannan sana'a ta san abu guda: da basilla mai sanyi ake huda silifas, kuma a bar faɗin yatsa daga baki. Idan aka huda da ƙarfe mai zafi, robar takan ƙone ta bushe, ramin ya yi baƙin zobe, a ido ya yi kyau, amma da ƙafa ta ja zaren da ƙarfi sai ya yage. Na sani sarai, don na taɓa yin wannan kuskuren ina sabon shiga. Amma na buɗe baki na ce mata ta ɗora ƙusa a kan risho ta yi ja, ta riƙa sokawa, kuma ta matsa can baki don zaren ya ɓuya. Har godiya ta yi min, ta ce Allah ya bar mu tare.

Kwana biyu ƙaurin roba na cika tsakar gida, ina jinsa ina ta wanke-wankena. Na riƙa lallashin kaina cewa ɗaya ko biyu ne za su tsinke, a ɗan yi mata tsiya, matan su dawo wurina. Ana gobe biki ta kawo min wani ƙunshi a leda. Takalmi ne ruwan ƙasa, kalar da ta san ina so, da furen nan mai hawa biyu. Ta ce tukwicin malamarta ne, shi ta fara saƙawa kafin na kowa. Na juya shi na ga baƙin zobe a kowane rami. Na mayar da shi leda na tura ƙarƙashin gado.

Ban je bikin ba, labari aka kawo min. Matan sun jero suna rawa da kyaututtuka a ka, sai takalma suka fara ɓallewa ɗaya bayan ɗaya. Da farko dariya aka yi, wasu suka cire suka ci gaba da ƙafa. Amma shugabar, dattijuwa ce mai jiki, nata ya yage tana kan matakala, ta faɗo ta karye a hannu. A gaban jama'a aka ce wa maƙwabciyata ta yi aikin ha'inci. An ce ko sau ɗaya ba ta ambaci sunana ba.

Bayan kwana uku ta shigo ɗakina idanunta a kumbure. Ta zauna a tabarma ta ce ta rasa inda ta kuskure, ko silifas ɗin ne ba su da kyau. Tana magana hannunta ya kai kan wani takalmi da nake saƙawa, ta ɗauka tana jujjuyawa. Na ga lokacin da idonta ya tsaya a kan ramukan, tas da su, babu ƙuna, nesa da baki. Ta duƙa ta hango kyautarta a ƙarƙashin gado, tana nan cikin ledarta. Ta ɗago ta dube ni. Wallahi da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ajiye takalmin a hankali, ta ce bari ta je ta dubo tukunya. Daga ranar ba ta daina gaishe ni ba, amma Yaya ta ƙare, na koma Maman wane kamar kowa. Kwarashinta ma ta daina fitowa da shi tsakar gida.

Kullum sai in ce gobe zan shiga in roƙe ta gafara, goben ta zo girman kai ya hana ni. Da gari ya rikice da faɗan addini a shekara ta gaba, kowa ya kwashi kayansa ya koma inda nasa suke, su ma suka tashi. Na yi cigiya har Television, ba wanda ya iya nuna min gidanta.

Mata masu saye sun dawo wurina kamar yadda na so, ban kuma ji daɗin komai ba. Abin da na gane shi ne, ba ta ƙwace min komai ba, sunana ma take ɗagawa, ni ce hassada ta toshe wa kunne. 'Yan'uwana masu sana'ar hannu, idan wadda kika koya wa ta fi ki, kuma ta zo ta tambaye ki, ki gaya mata gaskiya, ko ki ce ba za ki faɗa ba. Kada ki koya mata ƙarya, don ta yarda da ke ne, kuma ba ki san ƙafar wa abin zai faɗa wa ba. Idan kin riga kin yi, ki shiga ɗakinta yau. Takalmin nan ruwan ƙasa yana cikin akwatina har yanzu, sabo fil. Shi ne mafi kyawun takalmin da na taɓa mallaka, kuma ni na sa ba zai taku ba.