Fiyanon da Ya Sha Man Keke

A layin teloli na kasuwar Dutse akwai rumfar Malam Uwaisu mai gyaran keken ɗinki. Mutumin Buji ne, gajere, mai farin gemu. Duk rigar da ya mallaka tana da tabon mai a aljihun ƙirji, domin nan yake ajiye 'yar butar man keke. A ganinsa babu abin da ke lalacewa a duniya sai don ƙishirwar mai. Ƙofar masallacin unguwarsu ta sha, almakashin wanzami ya sha. An ce ya taɓa yi wa gwiwar matarsa tayi, ta kore shi da muciya.

Taƙamarsa ɗaya ce. Tun yana saurayi bai taɓa karɓar aiki ya mayar wa mai shi ya ce ya kasa ba. Teloli duk sun san haka. Isah tela kuwa, taubashinsa da rumfunansu ke kallon juna, ya rantse ba zai mutu ba sai ya ji kalmar daga bakinsa.

Ni na kai masa fitinar. Autarmu Najwa, lokacin tana jami'a a Kafin Hausa, ta ga wani tsohon fiyano wajen 'yan gwanjo a Kano, ta nace har aka ɗoro shi a a-kori-kura. Ta ce za ta koya idan ta gama jarrabawa. Allah ya karɓi abarsa kafin nan. Fiyanon ya zauna a ɗakinta, uwargidana Hajiya ta lulluɓe shi da zanin gado, muka ja ƙofa.

Kyakkyawan abu ne ko a lalace. Katakonsa baƙi wuluk, an sassaƙa masa furanni, da mazaunin kyandir na tagulla a kowane gefe. Haƙoransa da ake dannawa sun yi ja kamar na tsohon maciyin goro, kuma rabinsu ba sa magana. Wata rana Hajiya ta ce ko dai a gyara shi ko a fitar da shi, ta gaji da share abin da ba ya motsi. Na tafi wurin Malam Uwaisu.

"Fiyano?" ya ce. "Yana da feda?"

"Guda biyu."

"To ai keke ne. Mu je."

Isah ya ɗago daga ɗinkinsa. "Alhaji, ka yi masa bayani da kyau. Wannan ko gangar tashe bai taɓa bugawa ba."

"Kai dai ji da wandon mutane da ka yanka ƙafa ɗaya ta fi ɗaya," in ji Malam Uwaisu, ya rataya jakarsa.

Gaskiya ya yi aiki. Da ya buɗe cikin fiyanon ya daɗe tsaye yana kallon jerin wayoyi da 'yan gudumomin da ke dukansu, ya ce wanda ya ƙera wannan ba ya fushi da matarsa. Ya kwashe sheƙar ɓeraye. Ulun da ke kan gudumomin asu ya cinye, sai ya kawo wata tsohuwar jar dara ya yayyanka, ya liƙa wa kowace. Kafin mako ya zagayo duk haƙoran sun fara amsawa. Sai ya ciro butarsa. Can sama akwai ƙusoshin ƙarfe da aka kafa cikin katako, kowace waya a naɗe jikin tata. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya shayar da su, yana bismilla.

Maƙwabcinmu Ishaya, malamin makaranta ne da ke kaɗa fiyano a cocinsu, na roƙe shi ya zo ya daidaita muryar. Yana shiga ya tsaya yana shinshina.

"Baba, me kuka zuba masa?"

"Mai. Mai kyau ma, ba na kwalba ba."

Ishaya ya zauna a bakin gado. Ya yi bayani a hankali, kamar mai kai saƙon rasuwa. Ƙusoshin nan bushewar katako ce ke riƙe su. Idan suka sha mai sai su riƙa sulɓewa, wayoyi su saki, murya ta zube.

"Ɗana," in ji Malam Uwaisu, "ƙarfe ne ko ba ƙarfe ba?"

"Ƙarfe ne, Baba."

"To ka taɓa ganin ƙarfen da ya ƙi mai?"

"Yau na gani."

Suka gwada duk da haka. Ishaya na danna haƙori yana saurare, Malam Uwaisu na murɗa ƙusa da sifana. Suka gama da hantsi, Ishaya ya kaɗa wani taushi mai daɗi har Hajiya ta leƙo daga kicin. Kafin ya kai ƙarshe muryar ta fara gangarowa kamar rediyon da batirinsa ya mutu. Da azahar kuwa sai ka rantse akuya ce ke naƙuda a ciki.

Labari ya riga Malam Uwaisu isa kasuwa. Isah ya sayo tsire ya raba wa layi, ya ce walima ce. Duk telan da ya wuce sai ya yi wa Malam Uwaisu sannu da rashin lafiyar mara lafiya. Shi kuwa bai fasa ba. Ya dawo gidanmu da toka, ya dawo da garin alli, yana barbaɗawa a gindin ƙusoshin don su tsotse man. Hajiya ta bi bayansa da tsintsiya tana salati. Abin ya ɗan yi amfani, murya ta koma kaiwa la'asar kafin ta zube. Malam Uwaisu ya rame. Matarsa ta aiko a tambaye ni me na ba mijinta.

Na ga abin ya isa. Wata Asabar na same shi durƙushe gaban fiyanon, na ce, "Malam, a bar shi haka. Ba na riƙe ka da komai, kuma babu wanda zai ji daga bakina."

Ban san Isah ya biyo shi ba sai da na ji gyaran murya a bakin ƙofa.

"Ai ni na ji," in ji Isah. "Faɗi mana, dattijo. Kalma biyu ce kawai. Na, ka, sa."

"Uku ka ƙirga, jahili."

"To faɗi ukun."

Malam Uwaisu ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya dube ni.

"Alhaji, na taɓa ce maka na gama?"

"Ba ka ce ba."

"Na kawo maka shi na ce ga kayanka?"

"Ai a gidana yake, Malam."

"To aiki yana hannu. Wanda yake kan aiki ba a ce ya kasa." Ya juya wurin Isah. "Sai ka koma ka karɓo tsirenka."

Tun daga ranar, kowace Asabar da safe yana zuwa a adaidaita sahu da sifanarsa. Ishaya ya shigo, su yi ta gardama suna murɗawa. Hajiya ta buɗe tagogin ɗakin, ta kawo kunu, ta zauna a kujerar da ke bakin ƙofa. Ishaya ya yi kiɗa da sauri-sauri kafin murya ta gudu. Yanzu damina ta uku ke nan. Butar man kuwa Hajiya ke karɓe ta tun a zaure, ta mayar masa idan zai tafi.

Isah ma yakan zo wani lokaci, wai duba aiki. Makon jiya ya shanye kununsa ya ce, "Wai yaushe za ka gama ne?"

Malam Uwaisu bai ko waiwayo ba. "Alhaji, kana sauri?"

Na ce masa a'a.