Tukunyar da Kaka ta wanke

Ina aji biyu a jami'a aka fara haƙar magudanar ruwa a tsakiyar Talata Mafara, kusa da tsohuwar kasuwa. Da leburori suka yi zurfin tsayin mutum sai suka tarar da toka, da ƙasusuwa, da fasassun tukwane a jibge. Labari ya kai wa malaminmu na ilimin kayan tarihi, ya roƙi a dakata da aikin a wannan gefen, ya zo da ɗalibai huɗu. Ni ɗan garin ne, shi ya sa aka saka ni.

Aikin ba gaggawa a cikinsa. Mun kafa turaku, mun ja zare, muna kankare ƙasa da cokalin magina, muna tankaɗe ta a rariya. Masu wucewa kan tsaya su tambaye mu ko zinari muke nema. Malam ya lura rubutuna yana da tsabta, ya damƙa mini littafin aiki: kowane abu, inda ya fito, zurfinsa, da halin da yake ciki.

A mako na uku muka ciro ƙaramar tukunya lafiyayya, ko tsagewa babu. Cikinta akwai baƙin ƙanzo manne. Malam ya ce ƙanzon ya fi tukunyar daraja, domin shi zai nuna abin da mutanen suka dafa da kuma zamanin da suka rayu, wataƙila tun kafin jihadi da nisa. Gidanmu ya fi kusa, sai ya sa ta a kwali ya ce in adana.

Na ajiye ta a ɗakin Kaka, mahaifiyar babana, don can ne ba a yawan shiga. Na ce mata kayan Malam ne. Na yi niyyar ƙarawa da kada a taɓa, amma na ji nauyin kafa wa tsohuwa doka a ɗakinta.

Washegari na dawo da azahar na tarar da tukunyar a kan tabarma, tas, an goge ta da toka da soso, an cika ta da gyaɗa soyayya.

"Maigidana, wagga tukunya wace ƙazama ta yi girki da ita?" in ji Kaka. "Kai ba ka jin kunya ka mai da ma malaminka kaya da dauɗa? Kuma ba a mai da tukunya wofi."

Na tambaye ta ina ta zuba ruwan wankin. Ta nuna mini kwata.

Na daɗe zaune a zaure. Zan iya juye gyaɗar, in ce ƙanzon ya ɓanɓare a hanya. Amma littafin yana hannuna, kuma ban taɓa rubuta abin da ba haka yake ba. Ƙarƙashin lambar tukunyar na rubuta: an wanke ta a gidanmu, da toka da soso, ban yi gargaɗi ba.

Malam ya karanta a bakin rami, ya leƙa tukunyar. Daga baya ya ce yumɓu yana shan maiƙo, ƙila a samu wani abu a jikinta, amma ƙanzon ya tafi. Ya ce daga yau kaya za su riƙa kwana a masaukinsa.

Na miƙa masa littafin don ya ba wani.

"Wa ya ce ka ba ni?" in ji shi. "Rubuta gyaɗar ma. Ita ma ta shiga tukunyar."

Na rubuta.