Hoton da na ƙi ɗauka ranar jana'izar mai shagona

Shekarun baya, ina sabon shiga sana'ar hoto a nan Malanville, na kama hayar wani ɗan shago a bakin babbar kasuwa, daidai inda motocin albasa ke lodi. Wuri ne mai albarka, don duk mai ƙetare iyaka zuwa Gaya da ke neman hoton kati sai ya biyo ta ƙofata. Mai shagon wani dattijo ne ɗan Garu, babban dillalin albasa. Mutumin kirki, amma in akwai abin da ya tsana a duniya, to hoto ne. Da ya hango ni da kyamara a wuya sai ya ja rawani ya rufe fuska, ya ce, "Kai yaro, yi can da tsiyarka!" Ni kuma in yi ta dariya.

Wata safiya Allah ya yi masa rasuwa. Ina rufe shago zan tafi jana'iza sai ga babban ɗansa a kan kabu-kabu, wato babur na haya, idanu jajur. Shi a Kwatano ya girma, can yake aiki, ciwon tsohon ne ya kawo shi gida. Ya ce, "Mai hoto, ɗauko kayanka mu tahi. An gama wanka. Huskar Baba nike so ka ɗaukar min kahin a ruhe likkahwani."

Na zaci ban ji daidai ba. Ya ce ai a kudu haka ake yi, kuma ƙannensa biyu suna ƙasar waje, ba za su samu jana'iza ba. Lokacin wayoyi ba su da kyamarar kirki irin ta yanzu.

Na ce, "Yallaɓai, Allah shi jiƙan Alhaji, amma wanga aiki ban iya shi. Mamaci sutura yake buƙata. Kuma mutumin da bai yarda na ɗauke shi yana da rai ba, ba ni zuwa in ɗauke shi ranar da ba ya iya jan rawaninsa."

Ya kalle ni sama da ƙasa. "Ka san shagon wa kake ciki?"

Na ce na sani. Wallahi bakina ne kawai ya yi jarumta.

Aka yi jana'iza, har da ni a ɗaukar makara. Bayan sadakar bakwai sai ga saƙo biyu rana ɗaya: in kwashe kayana ƙarshen wata, kuma ana nemana a komisariya, ofishin 'yan sanda, wai ɗan marigayin ya kai ƙara na wulaƙanta shi na hana shi aiki ranar mutuwar ubansa. Maiɗakina tana da tsohon ciki a lokacin, ba mu da wata hanyar abinci sai shagon nan. Ta ce, "Gaskiya ka yi, amma Allah shi sa gaskiyar ta bar mu da tukunya." Ni kuwa riga biyu na saka da zan tafi, wai ko za a tsare ni in kwana a can. A zafin Malanville fa!

Ina shiga na ga komiser ɗin, wato shugaban ofishin, mutumin kudu ne, ga gicciye a wuyansa. Na ce a raina shi ke nan, kashina ya bushe, na zo gidan masu al'adar ɗaukar gawa hoto. Ya saurari mai ƙara har ya gama, sannan ya juyo.

"Ka karɓi aikin ne, daga baya ka fasa?"

Na ce a'a.

"Don ƙabilarsa ka ƙi shi, ko don addininsa?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, sahu ɗaya muke salla da shi. Gobe in ya kawo suna ko biki, ni zan riga kowa zuwa. Ba shi na ƙi ba, aikin na ƙi."

Komiser ya ajiye biro ya dubi ɗan marigayin. "Mu a garinmu muna ɗaukar gawa hoto, ni ma an ɗauki mahaifiyata. Amma ban riƙe hannun mai hoto na tilasta shi ba. Da ya kore ka ne don kai wane ne, da ni da shi ne yau. Wannan kuwa ban ga laifin da zan rubuta ba. Ku tafi."

Na fito ina ta zuba gumi cikin riguna biyu, ina jin kamar in yi guɗa. Sai na tarar da ɗan marigayin tsaye a ƙofa. Ba faɗa ya yi ba. Ya ce, "Ka ci. Amma ɗiyana ba su taɓa sanin kamannin kakansu." Maganar nan ta tsaya mini a rai.

Ina komawa shago na tuna ranar da dillalan albasa suka sa ni ɗaukar motocinsu ana lodi. Na tono hotunan. A gefen guda ɗaya ga Alhaji zaune bisa buhu, rawani ya zame, yana ƙyaƙyata dariya har ana ganin giɓinsa. Na yanko shi na wanke babba. Amma ban kai wa ɗan ba, don ba ni da hurumin. Gidan na nufa, wajen Hajiya matar marigayin, tana takaba. Na miƙa ta ƙarƙashin labule, na ce, "Inna, in kin ce a ƙona, yanzu a ƙona."

Can sai na ji dariya haɗe da kuka. Ta ce, "Ai ya sani! Ran nan ya dawo gida yana cewa, yaron nan ya kama ni ina dariya, Allah shi shirye shi." Ta sa aka kira ɗanta, ta ba shi. Ya zauna a ƙasa yana kallon hoton. Ta ce, "Shago kuma ubanka ya ba shi, ba kai ba. Ina raye ba mai hidda shi."

Yau a cikin shagon nan nake rubuta wannan. Har yanzu masu koyon aiki suna tambayata ko mai hoto na da ikon ƙin aiki. Nakan ce ni ba lauya ba ne, abin da na gani da idona kawai na sani: ban ƙi mutum ba, ban karɓi aiki na fasa ba, hukuma kuma ba ta taɓa ni ba. Duk sanda na tuna ina jin daɗi, ba na ɓoyewa.

Ɗan marigayin ni ya kira in ɗauki hoto ranar sunan autarsa. Hoton yana rataye a falonsa a Kwatano, yaran suna ce masa Kaka mai dariya. Da na bi shi a kan kabu-kabun nan, fuskar da za su sani ke nan har abada: ido a rufe, auduga a hanci.