Wata Goma Sha Ɗaya Baba Yana Magana Shi Kaɗai

Babana mai gyaran rediyo ne, ya fi shekara arba'in yana yi. Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin wani bene, tela a damansa, mai yankan makulli a hagunsa. In ka shiga, warin dalma ne zai fara tarbarka, sai ka ga gawarwakin rediyo jere har rufi, kowacce da ƴar takarda manne a goshi, an rubuta abin da ke damunta. Baba ba ya yar da komai. Yana da gwangwanin madara cike da sukurori waɗanda injinan da aka ƙera su dominsu sun daɗe da ƙarewa a duniya, amma ka taɓa ɗaya ka ga tashin hankali.

Yana da yadda yake gane sifika mai kyau. Zai sa kaset, ya rufe ido, ya ɗora tafin hannunsa a jikin akwatin. In ya ce "wannan tana da ciki", to a saya. In ya taɓe baki ya ce "ihu kawai take yi", ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. A wurinsa na gaji son na'ura, ba na musu. Ina ɗan shekara shida na cusa waya a soket na kashe wutar benen gaba ɗaya, tun daga ranar yake kirana Fiyus. Har na yi gemu sunan bai sake ni ba.

Ni kuma da na girma sai na ɗauki hanyar zamani. Da rana ina aiki a kantin sayar da wayoyi, ranar hutu kuma ina ɗaukar bidiyo ina sawa a shafina: wace waya ce batirinta ke jurewa, wace manhaja ce ta fi daɗin sauraren waƙa, wane iyafis ne ba ya kashe kunne. Na sayi fitila mai zobe, na liƙa soso a bangon ɗakina, na raɗa wa kaina Injiniya, alhali ko ƙofar makarantar injiniyoyi ban taɓa taka ba. Mabiya suka taru har sama da dubu goma. Kaina ya kumbura, ƙanwata ta ce saura kaɗan a faɗaɗa min ƙofar ɗaki.

Ita ƙanwar tawa ce ta jawo min. Ita ta ba Baba tsohuwar wayarta, ta buɗe masa shafi, ta nuna masa inda ake rubuta sharhi a ƙarƙashin bidiyo. Mutumin da ya yi shekaru yana cewa wayar shafa-shafa ba na'ura ba ce tunda ba ta da sukurun kwancewa, sai ga shi ya sa tabarau yana rubutu da yatsa ɗaya, harshe a waje.

Ranar da abin ya faru, na sa bidiyo a kan wata sifika mai blutut, na yabe ta har da rantsuwa. Ba a yi awa ɗaya ba sai ga sharhin Baba: "Fiyus ba haka bane. Wannan ihu kawai take yi akwatin ta roba ne mara nauyi. Kazo shago in nuna maka. Kuma ka daina zama a ranƙwafe bayan ka zai lalace."

Mutane suka yi caa a kai. Wani ya rubuta, "Injiniya ashe Fiyus ne!" Wani ya ce a ba tsoho shafin kawai. Sharhinsa ya fi bidiyona samun masu so. Washegari a kanti har maigidana ya leƙo yana cewa, "Fiyus, miƙo min caja." Na yi dariyar yaƙe na miƙa masa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne gaskiya Baba ya faɗa, bayan sati biyu sifikar ta fara kaɗawa kamar gwangwani.

Ban toshe shi ba, ina da wayon da ya fi haka. Akwai wani maɓalli da in ka danna wa mutum, zai ci gaba da rubutu, zai ga rubutunsa a wayarsa kamar kowa na gani, amma babu mai gani sai shi. Sharhin yana tafiya wani lungu ne, sai mai shafi ya ga dama ya buɗe. Na danna wa mahaifina wannan maɓallin ina tsaye a bakin kanti ina shan lemo. Na gaya wa kaina na sati ɗaya ne, kafin ƙura ta lafa.

Sati ɗaya ya zama wata goma sha ɗaya. Duk ranar hutu ina zuwa gida gaishe su, Baba ya ce, "Na ga na jiya, ka ga abin da na rubuta?" In ce, "Na gani, Baba, Allah ya ƙara girma." Sai ya gyaɗa kai yana murmushi. Umma ta ce min ai yanzu in ya ji na sa sabo, ko mai rediyo na tsaye sai ya jira, Baba ya gama kallo ya yi rubutunsa tukuna. Na ji wani abu ya ɗan soke ni, na haɗiye shi da ruwa.

Wata ranar Talata da hantsi ina kanti ina liƙa wa wata mata gilashi a waya, sai na ɗaga kai na gan shi a bakin ƙofa. Bai taɓa zuwa wurin aikina ba. Ya sa rigarsa ta fita, ya jira har matar ta tafi, sannan ya ajiye wayarsa a kan teburin gilashi. A bayanta ya manna ƴar takarda irin ta shagonsa, ya rubuta: ba a ganin magana.

"Na kawo gyara," in ji shi.

Na ce, "Baba, me ya same ta?"

"Jiya na ce wa tela ya duba abin da na rubuta maka a kan batir, don shi ma nasa yana kumbura. Ya duba a wayarsa, babu. Na ce ko tasa ce. Na gwada ta mai makulli, babu. Na gwada ta ƙanwarka, babu." Ya gyara tabarau. "Sai na je shafin wani mai sayar da kaji na rubuta masa sannu da aiki. Wannan ya fito a wayar kowa. Na rubuta wa mutum uku, duk ya fito. A naka ne kawai ba ya fitowa."

Haka ya koya min neman matsala tun ina ƙarami: a bi layi ɗaya bayan ɗaya har a iso inda wuta ta tsaya. Ya bi, ya iso. Ina da ƙarya guda uku a bakina, sabuntawar manhaja, matsalar sabis, tsufan waya, kuma na san duk wadda na faɗa zai karɓa don ya rufa min asiri. Na kasa ɗaga ido daga kan takardar nan.

"Ni ne, Baba," na ce. "Ni na rufe."

Maigidana da ke can ciki ya rage sautin waƙar da ke tashi, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"To," in ji Baba. "Shafinka ne, kana da iko. Ni dama ba don mutane nake yi ba. Abu ɗaya zan tambaye ka. Kai kana karantawa?"

Ban taɓa buɗe lungun nan ba, ko sau ɗaya. Ya gani a fuskata, bai sake tambaya ba. Ya ɗauki wayarsa, ya ɓare takardar a hankali, ya ninke ta ya sa a aljihu.

"Ashe lafiyarta ƙalau," ya ce. "A yi aiki lafiya."

Bayan ya fita na shiga ɗakin ajiyar kaya, na zauna a kan kwali, na buɗe. Sharhi ɗari da talatin da biyu. Yawanci gyara ne, kuma yawanci shi ke da gaskiya. Wasu addu'a ce. A wani ya ce na rame, in riƙa cin abinci kafin in yi bidiyo. Na gangara har na farko, wanda ya rubuta kwana ɗaya bayan na danna maɓallin: "Ƙanwar ka tace min ana maka dariya saboda sunan dana kira ka. Ban sani ba. Kayi haƙuri Injiniya bazan ƙara ba." Ya ba ni haƙuri tun a rana ta biyu, ni kuwa na yi wata goma sha ɗaya ina ce masa na gani. Na yi kuka a cikin kwalayen caja, ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba.

Da yamma na je shago na durƙusa na ba shi haƙuri, na nuna masa na buɗe, kowa zai gani yanzu. Yana riƙe da ƙarfen dalma, bai ajiye ba. Ya ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya, in miƙo masa filaya. Ba ya fushi da ni, muna gaisawa, muna hira, har dariya muna yi.

Amma tun daga ranar na sa bidiyo goma sha huɗu, bai rubuta ko harafi ɗaya ba. Ƙanwata ta ce yana kallo, har ƙarshe yake kai kowanne, sai ya kife wayar ya koma aikinsa. Satin da ya wuce na kasa jurewa. Na yi bidiyo a kan gyaran tsohuwar rediyo, da gangan na dasa wani ɗan kayan cikinta, kafasita, ƙafafunsa a juye, na kawo kyamara kusa yadda ko makaho zai gani. Na zauna da waya a hannu tun safe har la'asar. Mutum arba'in da bakwai suka gyara min, wasu har da zagi, na bi sunayensu ɗaya bayan ɗaya, babu na Baba.